Matata na so a mayar da sunan mahaifiyarta Lucy, ƙanena ya ce sunan Shaiɗan ne

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne a Kaduna, shekarata 36. Matata 'yar kudancin jihar ce, ta musulunta kafin mu yi aure, yanzu shekararmu 7 tare. 'Yarmu ta fari sunan mahaifiyata ta ci, muna ce mata Ummi, na biyun namiji ne, shi kuma sunan mahaifina. Bara surukata ta rasu. Kirista ce, sunanta Lucy, kuma ba ta taɓa juya wa 'yarta baya don ta bar addininsu ba. Duk haihuwar da matata ta yi, ita ta zo ta zauna har aka gama wankan jego. A zaman makoki na yi wa matata alkawari cewa in Allah ya ba mu mace zan mayar da sunan marigayiyar. Yanzu tana da ciki wata bakwai, hoton asibiti ya nuna mace ce. Da na gaya wa Hajiya sai ta yi shiru, ba ta ce komai ba. Bayan kwana biyu ƙanena ya je ya nuna mata wani abu a waya, wai Lucy gajeren Lucifer ne, sunan Shaiɗan da Turanci. Hajiya ta ce in dai wannan sunan za a raɗa, ba za ta taka gidana ranar suna ba. Maganar ta koma kunnen matata. Kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki, sai kuka, tana cewa ashe shekara bakwai kallon da ake wa uwarta ke nan. Ni kaina ban san ma'anar sunan ba. Anti, gaskiya ne abin da ƙanena ya faɗa? In saɓa wa uwata ko in karya alkawari?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba maiɗakinka haƙurin rashin da ta yi, ya sauke ta lafiya. Kafin mu shiga zancen suna, ka fara da abin da ya fi gaggawa: mace mai ciki wata bakwai ba ta kwana uku tana tsakurar abinci a zuba mata ido. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka zauna kusa da ita ka gaya mata da bakinka cewa abin da aka faɗa kan sunan mahaifiyarta ba gaskiya ba ne. In ta ci gaba da ƙin abinci, ko ta ce tana jin jiri ko ciwon kai, ka kai ta wajen awo, kada ka jira ranar da aka rubuta mata.

Na ce ba gaskiya ba ne, kuma zan nuna maka dalili dalla-dalla, domin a gaban Hajiya "an ce" ba zai fisshe ka ba. Sunan Lucy daga harshen Latin ya fito, harshen Rumawan da, mutanen birnin Rum da ke ƙasar Italiya ta yau. A harshensu kalmar lux na nufin haske. Daga gare ta suka sami sunan namiji Lucius, wanda ya yi yawa a cikinsu kamar yadda Musa ko Sani ya yi yawa a cikinmu, da na mace Lucia. Malamansu na da sun ce asali ana sa shi ne ga yaron da aka haifa da wayewar gari, daidai lokacin da haske ya keto. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: wadda aka haifa ran Lahadi mu ce Ladi, ta ran Talata Talatu, ta watan azumi Azumi, wadda ta zo ana tsakiyar ruwan damina Marka. A shekarar 1066 mutanen Normandi da ke arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka shigo da Faransanci, wanda shi ma jikan Latin ne, suka cika Turanci da kalmominsa da sunayensa. A bakin Faransawa Lucia ta zama Lucie, a bakin Ingilawa ta zama Lucy. Ka duba banɗakinka, wataƙila akwai sabulun Lux a ciki, kalmar nan ce ba a canza mata ko harafi ba. Ka duba kwalin tocila ko na ƙwan lantarki, za ka ga an rubuta yawan lumen ɗinsa, wato ƙarfin haskensa, ita ma 'yar gidan ce.

To ina Lucifer ya shigo? Shi ma daga lux ɗin ne, an haɗa ta da ferre, wato ɗauka ko kawowa. Ma'anarsa mai kawo haske, kuma da shi Rumawa ke kiran tauraron nan mai fitowa da asuba kafin rana, wanda mu muke ce wa Gamzaki. Sunan tauraro ne kawai, ɗaruruwan shekaru. A ƙarshen ƙarni na 4 wani malamin Kirista mai suna Jerome ya fassara Baibul zuwa Latin. A littafin Ishaya, sura ta 14 aya ta 12, akwai inda ake wa sarkin Babila habaici saboda girman kansa, ana kamanta shi da tauraron asuba da ya faɗo daga sama, kuma a fassarar Latin kalmar lucifer ce a wurin. Malaman Kirista suka riƙa fassara ayar da faɗuwar Iblis, sannu a hankali kalmar ta manne masa. Fassarar Turanci ta 1611 ta bar kalmar yadda take, shi ya sa mai jin Turanci a yau in ya ji ta Shaiɗan ke faɗo masa a rai. Amma a zamanin Jerome ɗin kansa akwai babban limamin coci a tsibirin Sardiniya da ake kira Lucifer, yana amsa sunansa a bainar jama'a. Lucius da Lucia kuwa sun girmi duk wannan labarin da ɗaruruwan shekaru. Ba a yanko Lucy daga Lucifer ba, kakansu ne ɗaya.

In kana son misalin da Hajiya za ta kama nan take, ga shi a Larabci. Nur, haske, da nar, wuta, tushensu ɗaya ne, haruffa uku ne suka haife su. Ka taɓa jin wanda ya ƙi sa wa ɗansa Nura don sunan ya haɗa asali da wutar Jahannama? Daga tushen nan aka sami Munir da Munira da Anwar, ga sura sukutum a Alƙur'ani mai suna Suratun Nur. Abin da ƙanenka ya yi daidai yake da a ce Nura gajeren Naru ne.

Duk da haka ba zan ce ka hau shi da faɗa ba. Ya yi gaggawa, ya kuma kai wa tsohuwa maganar da bai tantance ba, wannan laifi ne. Amma bincikar ma'anar suna kafin a raɗa shi abu ne mai kyau, kuma a cikin sunayen Turanci masu asalin Latin akwai waɗanda in aka tona za a ja da baya. Martin daga Mars yake, gunkin yaƙin Rumawa. Diana sunan wata abar bautarsu ce. Cecilia ana danganta shi da caecus, makaho, Claudia kuma da claudus, gurgu, duk da daɗin da suke da shi a kunne. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda in ka fassara su sai ka ga 'yan gidanku ne: Felicia ita ce Sa'adatu, Benedict shi ne Mubarak, Clement mai sanyin hali kamar Halimu, Victor kusan Mansur, Stella tauraruwa, Regina sarauniya. Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, kuma ranar da na fi so a zango ita ce ranar da nake bin rajista ina gaya wa kowace yarinya ma'anar sunanta. Wata rana wata Patience ta waiwaya ta dubi ƙawarta Sabira da ke bencin baya, suka fashe da dariya, don sun gano shekara uku suna aji ɗaya da suna ɗaya ba su sani ba. Latin ɗin ma ai yana bakinmu kullum. Watan Janairu sunan Janus, wani gunkin Rumawa, ya ɗauka, Maris na Mars ɗin nan ne, Yuli da Agusta na shugabannin Rum biyu. Sanata daga senex yake, wato dattijo, shi ya sa fassarar Majalisar Dattawa ta zauna daram. Minista asalinsa hadimi. Hatta zinaren da ke kunnen Hajiya, sunansa ya biyo ta dinar na Larabawa, su kuma sun karɓo daga denarius, kuɗin Rumawa.

Yanzu mu koma kan Hajiya, domin akwai abu ɗaya a wasiƙarka da nake so ka sake karantawa. Ka ce da ka gaya mata ta yi shiru. A lokacin ba ta ji zancen Lucifer ba tukuna. Ke nan tun kafin ƙanenka ya zo da wayarsa akwai abin da ya tsaya mata a rai, shi dai ya ba ta abin kamawa ne. In ka rushe zancen Shaiɗan ka ɗauka an gama, za ka tarar da shirun nan yana nan inda ka bar shi. Abin da nake zato shi ne, a kunnenta Lucy sunan coci ne, kuma a nan ba ta yi kuskure ba. Sunan ya bazu a duniyar Kirista ne saboda wata budurwa Lucia ta birnin Sirakusa a tsibirin Sisili, wadda aka kashe a shekarar 304 lokacin da sarki Diocletian ke gallaza wa Kiristoci. 'Yan Katolika na girmama ta, suna tunawa da ita kowace 13 ga Disamba, kuma da yawa daga masu sunan saboda ita aka sa musu. Hajiya tana hango jikarta a Islamiyya ana kiran rajista yara na waiwaye. Tana hango ranar ɗaurin aurenta ana shelar sunan a masallaci. Tana jin abin da ƙawayenta za su ce a gidan suna. Tsohuwar da ta yi wannan tunanin ba ƙin matarka take yi ba, tsoro take ji wa jininta, kuma wani ɓangare na tsoron gaskiya ne. Yarinyar ce za ta ɗauki sunan nan shekara sittin ko saba'in, a garin da suna kaɗai kan sa a yanke wa mutum hukunci kafin ya buɗe baki. Kai mazaunin Kaduna ne, ba sai na yi maka bayani ba.

Ta fuskar addini, ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma ga abin da yake sananne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunaye saboda ma'anarsu: wata mai suna Asiya, da harafin da ke ba da ma'anar mai saɓo, ya mayar da ita Jamila, Barra kuma ya mayar da ita Zainab. Mariya, mahaifiyar ɗansa Ibrahim, daga Kibɗawan Masar ta zo, da sunanta aka san ta har yau. Don haka kasancewar suna ba na Larabci ba bai isa ya hana shi ba, in ba haka ba da Gambo da Tanko da Delu sun shiga uku. Sai dai akwai malamai da yawa da ke hana sa sunan da ya zama alama ta mabiya wani addini, ko da ma'anarsa kyakkyawa ce. A wane ɓangare Lucy ya faɗa a garinku, wannan tambaya ce ta malami, kuma ina so ka kai ta ga wanda Hajiya ke jin maganarsa, ka ba shi labarin duka, har da wankan jegon da marigayiyar ta yi wa jikokin Hajiya sau biyu.

Ita kuwa maiɗakinka, ka tsaya ka dubi lissafin ta inda take tsaye. Ta bar addinin gidansu. Ta haifi biyu, duka an kai sunan gidanku, ba ta ce uffan ba. Uwar da ta tsaya mata lokacin da wasu iyayen kan kori 'ya'yansu ta rasu, abin da ya rage mata shi ne ta ji ana kiran wata a ɗakinta da sunan. Ba wata sabuwar al'ada ta roƙa ba, taku ce ta Hausawa ta nemi a yi mata. Amsar da ta dawo mata ita ce uwarta sunan Shaiɗan take amsawa. Kukanta ya wuce na suna, tambaya take yi ko uwarta na da wurin zama a gidan nan. Addini bai hana ta wannan ƙaunar ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Manzon Allah game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita.

Kai ma akwai naka, kuma zan faɗa maka don ina so ka gyara. Ka yi alkawari cikin tausayi, a zaman makoki, ba ka san ma'anar sunan ba, ba ka kuma auna yadda gida zai karɓe shi ba. Ka je wa Hajiya da magana hannu rabbana, sannan aka bar zancen ya yi yawo har ya isa kunnen mai ciki. Niyyarka kyakkyawa ce, amma alkawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa shi kaɗai ke iya sauke maka. Ba za ka wayi gari ran suna ka raɗa wani sunan daban ka ce ai ma'anar ɗaya ce ba. In ka yi haka, duk ranar da ta kira yarinyar sai ta tuna.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Ka fara da ƙanenka, ku biyu kawai, ba a gaban kowa ba. Ka karanta masa abin da na rubuta, ya je ya bincika da kansa in yana so. In ya gamsu, shi zai koma wajen Hajiya ya ce ya yi kuskure, domin bakin da ya ƙulla ya fi saurin kwancewa. Sannan ya zo gidanka ya ba matar yayansa haƙuri. Kalma biyu ce, amma za ta yi aikin da kai ba za ka iya yi da kalma ɗari ba.

Bayan nan ka zauna da maiɗakinka, ka shimfiɗa mata hanyoyin da ke akwai, ka bar ta ta yi magana har ta gama. Hanya ɗaya ita ce a raɗa wa yarinya Munira ko Nuriyya a matsayin sunan yanka, a kuma faɗa a fili ranar suna, a gaban dangin ɓangare biyu, cewa sunan kakarta ta wajen uwa aka mayar da harshen da gidan ya saba, domin Lucy haske ne, Munira ma mai haskakawa ce. Faɗar a fili ita ce ran abin. In aka yi shi a ɓoye ya zama wayo, in aka shelanta ya zama girmamawa. Wata hanyar ita ce a haɗa biyun: Munira a kunne da masallaci, Lucy kuma ya shiga takardar haihuwa a matsayin suna na tsakiya, ya zauna a rubuce, dangin uwa su kira ta da shi in sun zo. Akwai kuma cika alkawarin yadda aka yi shi, in malamin bai ga hani ba kuma Hajiya ta sauko. A nan ma ka tuna cewa a gidan Bahaushe ba a kiran mai sunan uwa da sunanta. Kamar yadda babbar ta zama Ummi, wannan ma Mami ko Mama za ta zama, sunan yankan sai a takarda.

In ka tambaye ni, zuciyata ta fi kwanciya da hanya ta biyu. Tana riƙe sunan marigayiyar da harafinsa, tana ba yarinyar sunan da za ta shiga Islamiyya da shi ba tare da an waiwayo ba, tana kuma ba Hajiya abin da za ta kira jikarta da shi da sakin fuska. Amma ka shirya jin matarka ta ce Munira ba sunan uwarta ba ne, ita Lucy ta sani. In ta faɗi haka kada ka yi mata gardama da ma'ana. Mutum ba ma'anar sunan uwarsa yake kewa ba, sautin da ya tashi yana ji yake kewa. Ka ba ta kwanaki ta juya maganar, kuna da kusan wata biyu.

Wajen Hajiya kuwa, kada ka je da waya a hannu kana karanto mata tarihin Rumawa, za ta ji kamar ɗanta ya zo ya nuna mata boko. Ka je da yamma bayan la'asar, ka zauna a ƙasa kamar yadda ka saba, ka fara da neman afuwa kan yadda maganar ta zo mata. Ka tambaye ta abin da ya sa ta yi shiru ranar farko, ka saurara. Ka tuna mata waye ya dafa ruwan wankan jegon Ummi, takwararta. In akwai yayarta ko ƙaninta da take jin nauyi, ka fara bi ta wajensa, ya zo ya zauna a maganar. Kuma ka roƙe ta abu ɗaya wanda bai shafi suna ba: ta aika wa surukarta ko da kunu ne ko 'yar miya, a ce daga Hajiya. Mai cikin da ta kwana uku ba ta ci ba za ta ci wannan.

In duk an yi wannan Hajiya ta ce ko a takarda ba ta yarda ba, to ka sani sa suna haƙƙinka ne kai uba, kuma abin da ke cikin takardar haihuwa ku biyu ya shafa. Za ka iya raɗa Munira, ka rubuta abin da kuka amince kai da matarka, ka ci gaba da yi wa Hajiya biyayya da zuwa gaishe ta kamar kullum, ba tare da ka yi mata ƙarya ba in ta tambaya. Fushin kaka kan jika ba ya cika daɗewa da zarar an ɗora mata jaririya a cinya. Abin da ba na so ka yi shi ne ka bar maganar tana lilo har ranar haihuwa, a zo ana rabon goro ana jayayya a zaure, mai jego na ɗaki tana ji.

Sannan in kun sami sarari bayan arba'in, ka ɗauki matarka da yaran uku ku je garinsu, dangin marigayiyar su ga jaririyar, ka gaya musu da bakinka sunan wa ta ci. Ka rubuto mini in an sauka lafiya, ina so in ji wanda aka raɗa.